Ku Tambaye Mu: Yadda marubucin waƙa ke cin abinci a Broadway

Wasiƙun wannan wata sun karkata kan wasannin dandamali masu waƙe-waƙe na Broadway, unguwar gidajen wasan kwaikwayo ta birnin New York, daga shekarun 1940 zuwa na 1960. Mun ɗauki Frank Loesser (1910 zuwa 1969) a matsayin abin misali, domin ya taɓa kowane ɓangare na sana'ar.

Tambaya: Ni marubucin waƙoƙin fim ne a Kano. Na karanta cewa Loesser ya yi suna a Hollywood, har ya ci kyautar Oscar, amma ya tattara ya koma wasan dandamali. Ashe ba fim ne ya fi kuɗi ba?

Amsa: Malam, sirrin yana ga wanda ya mallaki waƙar. Loesser ya shiga Hollywood a 1936, yana rubuta baitoci a kan kiɗan wasu, irin su Hoagy Carmichael da Jule Styne. A can ma'aikaci ne mai albashi: waƙar ta kamfani ce, suna iya yanke ta ko su jefar ba tare da sun tambaye shi ba. A Broadway kuwa, yarjejeniyar ƙungiyar marubuta ta Dramatists Guild ta bar wa marubuci haƙƙin mallakar aikinsa, kuma ba a canza masa ko kalma ɗaya sai da yardarsa.

Biyan ma na kaso ne. A wancan zamani, bisa al'ada marubuta suna raba kashi 6 cikin 100 na kuɗin tikitin mako: biyu na mai labari, biyu na mai kiɗa, biyu na mai baiti. Loesser ya koyi tsara kiɗansa da kansa a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, don haka kason mai kiɗa da na mai baiti yake ɗauka, wato 4 cikin 100. A ƙaddara an sayar da tikitin dala 40,000 a mako, nasa dala 1,600 ke nan. Ana wasa sau 8 a mako, kuma wasansa Guys and Dolls da aka buɗe a Nuwamban 1950 an yi shi sau 1,200.

Bayan wannan akwai kuɗin faifai, da takardun kiɗa da ake sayar wa masu piyano a gida, da abin da ASCAP, ƙungiyar kare haƙƙin marubuta waƙa, ke karɓo masa daga gidajen rediyo. Amma ASCAP ba ta karɓar kuɗin sake yin wasan a dandamali. A 1952 shi da Don Walker, gwanin rarraba kiɗa ga makaɗa, suka kafa Music Theatre International, mai ba makarantu da ƙananan ƙungiyoyi hayar wasanni. Ya kuma buɗe kamfaninsa na buga waƙoƙi, Frank Music, inda ya ɗauko matasa irin su Richard Adler da Jerry Ross.

Tambaya: Malamar makaranta ce ni a Maradi. Wanne ake fara yi, baiti ko kari?

Amsa: Malama, ya danganta da mutum. Mai tsara kiɗa Richard Rodgers kari yake fara yi lokacin da yake tare da mai baiti Lorenz Hart. Da ya haɗu da wani mai baitin, Oscar Hammerstein, sai abin ya juya, baiti ke zuwa da farko. Abin da ke gaba da su duka shi ne zaɓen gurbi: a zauna da mai labari a gano inda magana ta kasa ɗaukar abin da ke zuciyar ɗan wasa, nan waƙa za ta shiga.

Yawancin waƙoƙin zamanin gaɓar kiɗa 32 gare su, an kasa gida huɗu, takwas-takwas: kari na farko, maimaicinsa, wani kari dabam a matsayin gada, sannan a dawo na farko. Da yake a lokacin 'yan wasa ba sa sanye da makirufo, dole muryarsu ta tsallake makaɗa ta kai kujerar ƙarshe. Shi ya sa ake ɗora dogon sauti a kan buɗaɗɗen wasali, ake kuma barin wurin numfashi, da ɗan sarari bayan kalmar ban dariya don kada dariyar ta haɗiye baiti na gaba. Rarraba kiɗan ga goge da ƙahoni da ganguna aikin wani gwani ne dabam. Marubuci kan miƙa waƙarsa ne a piyano kawai.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne muryar ɗan wasa. Sam Levene, wanda ya fito a matsayin Nathan Detroit a Guys and Dolls, gwanin wasa ne amma bai iya waƙa ba. Sai Loesser ya rage masa waƙoƙi, ya bar masa guda ɗaya ta mutum biyu wadda ba ta fi ƙarfinsa ba.

Tambaya: Daga Zariya nake. Me ya sa ake kai wasa wasu garuruwa kafin New York?

Amsa: Ɗan'uwa, saboda a wancan zamani masu sharhin jaridun New York suna iya kashe wasa a dare ɗaya. Da farko marubucin yakan zauna a piyano a falon masu hannu da shuni, ya rera waƙoƙin da bakinsa har a tara jari. Sai atisaye na mako huɗu zuwa biyar, sannan a ɗauki kowa da komai zuwa New Haven ko Boston ko Filadelfiya. A can marubuci yana tsayawa a bayan zaure yana sauraron jama'a. In tari da motsin kujeru suka yi yawa, waƙar ta tsayar da labari. Daren nan zai rubuta wata a ɗakin otal, masu kwafi su raba wa makaɗa takardunsu, 'yan wasa su koyi sabuwa da rana su yi tsohuwa da dare har ta nuna.

Sau da yawa laifin ba na waƙar da ake zargi ba ne. A 1962 wasan marubucin waƙa Stephen Sondheim, A Funny Thing Happened on the Way to the Forum, ya ƙi karɓuwa a Washington. Darakta Jerome Robbins ya gano cewa waƙar buɗewa mai taushi ce, ba ta sanar da 'yan kallo cewa barkwanci suka zo gani ba. Aka sauya ta, wasan ya miƙe.

Wani lokaci kuma gyaran ba ya ci, ko da a hannun gwani. Greenwillow na Loesser sau 97 kawai aka yi shi a 1960. Shekara guda bayan nan wasansa How to Succeed in Business Without Really Trying ya fara tafiyar da ta kai sau 1,417, ya kuma kawo masa kyautar Pulitzer a 1962. Amma Pleasures and Palaces na 1965 a Detroit aka rufe shi, bai ko isa New York ba.