Raba folda tsakanin kwamfutoci huɗu ba tare da saba (babbar kwamfutar ajiya) ba

Ka ce kwamfutocinku huɗu ne, kana son raba folda amma kana tsoron baƙon ido.

A kwamfutar da foldar take, buɗe wa kowa asusunsa da kalmar sirrinsa. Yawancinsu izinin karantawa ya ishe su. Izinin gyara kuwa sai mai buƙata. Inda mutane ke faɗawa rami shi ne kashe neman kalmar sirri a Windows don sauƙi. Daga nan duk wanda ya hau Wi-Fi ɗinku zai iya leƙawa. Don Allah kada ka kunna SMB1, wato tsohon tsarin raba fayil na Windows, ta nan mugun shirin nan mai kulle fayiloli, WannaCry, ya yaɗu a 2017. Riƙa ajiye kwafi a faifai daban.

In kuna son shiga daga waje, kada ka buɗe ƙofar 445 (wadda raba fayil ke bi) a rauta, wato na'urar Wi-Fi ɗinku, nemi ƙwararre ya haɗa muku VPN, wato killatacciyar hanyar shiga ta intanet.