Ku Tambayi Tanti: Kyandir na Kakin Manja a Zafin Yamai

Tunda bazara ta kama, ɗaukewar wuta kuma ta yawaita, wasiƙun wannan wata kusan duk a kan kyandir suka taru. Na tsamo huɗu daga ciki, na taƙaita su don fili.

Tambaya: Salamu alaikum Tanti. Ni matar aure ce a unguwar Bukoki, ina haɗa sabulu ina sayarwa. Na ga ana tallar wani kyandir fari mai ƙyalli a Facebook, wai da manja ake yin sa. Na soya manja har ya yi fari kamar yadda nake yi wa sabulu, na zuba a gwangwani da zare a tsakiya, ya kwana bai daskare ba. Me na rage?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba ki rage komai ba, kayan ne daban. Manjan miya yana narkewa tun wajen digiri 35, zafin Yamai kuwa a watan Afrilu da Mayu haura 40 yake yi, to ina zai samu ya daskare? Suyar da kika yi launinsa kawai ta kashe, ba ta ƙara masa tauri ba. Kuma don Allah ki riƙa kula, man da ya fara hayaƙi a tukunya saura kaɗan ya kama da wuta.

Abin da kika gani a talla kakin manja ne, kuma aikin masana'anta ne. Ana tace man, a sanyaya shi sannu a hankali har ya rabu biyu: mai ruwa ya tafi jarkar man girki, mai tauri a ware shi. Wannan mai taurin ake shigar wa iskar haidirojin a cikin injuna masu matsi har ya zama farin kaki wanda ba ya narkewa sai zafi ya doshi digiri 60. Ba aikin murhu ba ne, saya ake yi. Abin da ke yi mini ciwo a nan shi ne, itacen kwakwar manja ɗan Afirka ta Yamma ne, tun a wajejen 1840 kamfanin Price's na Landan ya riƙa yin kyandir da manjan da jiragen ruwa ke kwasa daga gaɓar tekunmu, amma yau Indonesiya da Malesiya ke fitar da fiye da kashi 80 cikin 100 na manjan duniya, kakin ma yawanci daga can yake zagayowa ya iske mu.

Ki fara tambaya wajen masu sayar miki da soda da turaren sabulu, ko ƴan kasuwar da ke sauko da kaya daga Kano, Legas ko Lome. Kada ki sayi buhu sai kin gwada ɗan kaɗan. Kakin manja fari ne fat, haske ba ya ratsa shi, in kin danna da farce tsagewa yake yi ya marmashe. Farafin kuwa, wanda ake samu daga man fetur kuma da shi ake yin kyandir ɗin shago, yana da santsi, haske na ɗan ratsa shi, farce na barin shaida a jikinsa. Narkar da cokali biyu a murfin gwangwani ki bar shi ya huce da kansa. In na manja ne, fuskarsa za ta fito da ƙyalli kamar kantun gishirin Bilma da aka fasa.

In bai samu ba, akwai asid sitiyarik da masu haɗa man shafawa ke amfani da shi, wanda shi ma sau da yawa daga manja ake ciro shi. Giram 100 a cikin giram 900 na farafin yana ƙara wa kyandir tauri, ya hana shi lanƙwashewa a ɗakin kwano. Kakin waken soya da ake ta yayi a intanet kuwa, ban ba ki shawararsa a garin nan ba: laushi gare shi, da rana ta take sai ya fara gumi.

Tambaya: Tanti barka da aiki. Ni saurayi ne a Tahoua, yayana ya kawo mini kakin manja kilo 5. Kyandir ɗin ya fito da kyau har maƙwabta suna tambayar kuɗinsa. Da na kunna ɗaya, yana cikin ci sai wutar ta nutse, can kuma ta taso da ƙarfi, gefe ya fashe, kaki ya malale a tabarma. Na tsorata. In ci gaba ko in bari?

Amsa: Ci gaba ɗana, kuma Allah ya yi maka albarka da ka kunna shi a ɗakinka kafin ka karɓi kuɗin kowa. Abin da ya same ka halin kakin manja ne da duk mai aiki da shi ya sani. Yana fara daskarewa daga sama da gefe, ciki na nan da ruwa. Sa'ad da cikin ya huce ya tsuke, sai ya bar kogo kewaye da lagwani, sama kuwa sumul, ido ba zai gane ba. Da wuta ta ci ta kai kogon, narkakken kaki ya zurare ciki, lagwani ya tsaya tsirara da tsawo, harshen wuta ya tashi ya cinye bango.

Maganinsa tsinke ne. Bayan ka zuba, ka jira har sama ta yi ɓawo. Ɗauki tsinken tsire ka huda wuri uku ko huɗu kusa da lagwani, ka zurfafa amma kada ka taɓa gindi. Za ka ji hannunka ya faɗa fanko, wani lokaci har ka ga kumfar iska ta taso. Sai ka cika da sauran kaki mai zafi. Babban kyandir yakan so a maimaita. Don haka kullum ka rage kaki a tukunya saboda wannan ciko.

Bari in bi da kai tun daga farko, domin ƙyallin da maƙwabta suka yaba ma yana da ƙa'ida. Ba a ɗora kaki kai tsaye a kan gawayi ko gas. Tukunyar ruwa ce a ƙasa, gwangwanin kaki a cikinta, ta haka zafinsa ba zai wuce na tafasar ruwa ba. In tsautsayi ya sa kaki ya kama da wuta, kashe murhu ka rufe da murfi. Kada ka watsa ruwa, fantsama zai yi ya bi ka. Don sanin yawan kakin da mazubi zai ci, cika shi da ruwa ka auna a sikeli, ka ɗauki kashi 9 cikin 10 na wannan nauyi, sannan ka shanya mazubin ya bushe ƙarau. Mazubin alminiyom ya fi fitar da zane. A nan Yamai maƙeran kasuwar Katako na iya yanka maka bututu su toshe gindi su bar ƴar kafa ta lagwani, na tabbata maƙeran Tahoua ma ba za su gaza ba.

Kakin manja da zafinsa ake zuba shi, tsakanin digiri 90 da 95, cikin mazubin da aka ɗumama. Ajiye mazubin a rana kafin zubi ya isa. Sirrin zanen shi ne hucewa a hankali, don haka ka sa shi a kwali ka rufe, kada ka kai shi firiji ko bakin randa don gaggawa. Da bazara yanayi ke yi maka rabin aikin. Da hunturu kuwa, a iskar Adar da ka fi ni sani, sai ka naɗe mazubin da tsohon bargo, in ba haka ba ya fito fari fes babu ƙyalli, ko ya tsage. In ya huce sosai da kansa yake sakin mazubi. Bar shi kwana biyu ko uku kafin gwaji.

Gwajin nan shi ne inda na fi so ka ba ni hankalinka. Wannan kaki mai tauri ne, ya fi farafin buƙatar lagwani mai kauri, kuma kitsattsen zaren auduga ake so, domin kitso ke sa kan lagwani ya lanƙwasa zuwa gefen wuta ya cinye kansa. Zaren da aka murɗa kawai tsaye yake tsayawa, ya tara baƙin dunƙule a kai, ya yi ta hayaƙi. Ka zuba kyandir uku iri ɗaya, kaki ɗaya, mazubi ɗaya, lagwani kaɗai ya bambanta: siriri, matsakaici, mai kauri. Rubuta lamba a gindin kowanne. Auna nauyinsu. Datse lagwani ya rage milimita 6, jera su a faranti na ƙarfe da tazarar taƙi guda, a ɗakin da babu fanka, nesa da labule da gidan sauro. Kunna su awa 4, kana zaune a wurin, kana rubutawa duk awa.

Wuta mai kyau a tsaye take, ba ta rawa, tsawonta bai fi gaɓar yatsa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Riƙe farin faranti can sama da ita na ɗan lokaci: in ya yi baƙi, lagwani ya yi yawa. In wutar ta ƙanƙance tana haƙa rami a tsakiya, ta bar kaki tuli a gefe, har narkakken ya nemi shanye ta, lagwani ya yi kaɗan. A kyandir mai tsayuwa da kansa ana so siririn bango ya rage a gefe yana riƙe ruwan kakin. A na cikin kwalba kuwa, narkewar ta kusa kai bango, zurfinta wajen santimita 1. Kashe, bar shi ya huce sarai, auna, datse, sake kunnawa gobe. Haka za ka yi ta yi har ya kusa ƙarewa, domin kogo da fashewar kwalba a rabin ƙasa suka fi fitowa, daidai inda mai gaggawa ya riga ya daina kallo. Ɗaya kuma ka sadaukar da shi, ka raba shi biyu da wuƙa ka ga cikinsa da idonka.

Awon nauyin nan kuɗi ne. A ce kyandir giram 200 ne, bayan awa 4 ya koma 184: giram 4 yake ci a awa, wato zai doshi awa 50. Da wannan za ka yanka farashi, kuma in mai saye ya tambaya kwana nawa zai yi masa, ka faɗi abin da ka auna. Duk ranar da ka sauya turare, launi, faɗin mazubi ko buhun kaki, gwaji ya koma farko. Maƙwabtan su yi haƙuri tukuna. A ɗakin da yara ke kwance a tabarma za a kunna abin nan.

Tambaya: Tanti, zan iya zuba humra da kalar abinci a ciki? Kuma gaskiya ne kyandir mai ƙanshin lemun tsami yana korar sauro? Daga wata ɗaliba a Harobanda.

Amsa: A'a ƴata. Kalar abinci ta ruwa ce, ba ta haɗuwa da kaki, kwanciya za ta yi a gindi. Duk turaren da ke da ruwa ko alkol a ciki, tartsatsi zai sa wuta ta yi. Fensirin kala na yara, irin na kaki, da wasu ke narkarwa kuwa toshe lagwani yake yi. Nemi launi da turaren mai waɗanda aka yi don kyandir, giram 30 zuwa 60 a kilo ɗaya na kaki, ki zuba bayan kin sauke, ki juya minti biyu. In kin wuce haka zai tsatso a jiki, ya ɓata zanen.

Batun sauro, man sitironela, mai ƙanshin lemun tsamin nan, yana ɗan rage su a kusa da wutar, iyakarsa ke nan. Ba ya tsare kowa daga zazzaɓin cizon sauro. In damina ta sauka ki shiga gidan sauronki, kyandir kuma a kashe shi kafin a kwanta.

Tambaya: Tanti, ina so in zuba kyandir a ƙananan ƙoƙuna masu zane don rabon biki. Ya kika gani? Wata uwar amarya daga Yantala.

Amsa: Hajiya, Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin. Tunanin ya burge ni, amma ƙoƙo busasshen abu ne, in ya sha kaki shi kansa zai kama. Haka akushi da roba. Kaskon da ba a yi masa rufin gilashi ba shi ma tsotse kaki yake yi har ya zama lagwani gaba ɗayansa. Kofin shayi kuwa siriri ne, zafi na fasa shi. Ki zuba a ƙaramin gwangwani ko kwalba mai kauri wadda ba ta da tsaga, ƙoƙon ya zama marufin kyauta, a cire kyandir ɗin daga ciki kafin a kunna. Ki sa a rubuta a ƴar takarda, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci, cewa a ɗora shi a faranti, kada ya wuce awa 4 yana ci, kuma a daina kunna shi in kaki ya rage santimita 1 a gindi. Tunda da yawa za ki yi, ki fara tun da saura wata guda, mako biyun farko na gwaji ne.