Nutso da tukunyar iska daga jirgin ruwa: iyon kogi ya isa?

Tambaya: Ni ɗan Yamai ne, tun ina yaro nake iyo a kogi. Aiki zai kai ni Dakar, ina so in koyi nutso da tukunyar iska daga jirgi. Iyon da na iya ya wadatar?

Amsa: Ɗan'uwa, zai taimake ka, don makarantu da yawa sai ka yi iyon mita 200, ka kuma tsaya saman ruwa minti 10 kafin su ba ka takardar shaidar nutso. Amma akwai ɗabi'ar kogi da dole ka bari: riƙe numfashi. Duk mita 10 matsin ruwa na ƙaruwa da bar ɗaya (bar ma'aunin matsi ne). Iskar da ka shaƙa a zurfin mita 10, in ka riƙe ta ka taso, ninkawa take yi biyu, tana iya fasa huhu. Ko a ruwa mara zurfi hakan na faruwa. Numfashi ba tsayawa, shi ne karatun farko.

Sai kunne. Tun daga sama ka toshe hanci ka hura a hankali, duk mita ɗaya. In ya yi zafi, ɗan haura ka sake hurawa. Mai mura ya haƙura ranar.

Kafin ka bar jirgi, kai da abokin nutsonka ku duba juna: tukunya a buɗe, agogonta wajen bar 200, ɗamarar dalma a ɗaure, rigar iska an ɗan hura ta. A ƙaramin jirgi, zama ake yi a bakinsa baya na kallon ruwa, tafin hannu a danne kan tabarau da abin shaƙar iska na baki, sai matuƙi ya ba da izini a faɗa ta baya. Wanda ya yi gaggawa kan abokinsa yake faɗawa da tukunya. Ka bi igiyar anga ka sauka, ka fara tafiya kana fuskantar ruwan da ke ja, don dawowa ta zo da sauƙi. Sabon shiga ba ya wuce mita 18.

Ka taso da saura bar 50 a tukunya, kar ka wuce mita 10 a minti, ka tsaya minti 3 a mita 5 don iskar naitirojin ta fita daga jini ba tare da kumfa ba. A tsanin jirgi, kar ka tsaya ƙarƙashin mai hawa.

In ka yi nutso fiye da ɗaya, ka bar awa 18 kafin ka hau jirgin sama zuwa Yamai. Mai asma ko sikila kuwa, likita zai fara gani.