Aksolotil nawa tankin lita 120 zai ɗauka?

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce tankin gilashinka lita 120 ne, tsawonsa santimita 80, kana so ka zuba 'ya'yan aksolotil uku (dabbar ruwa ce dangin kwaɗo, mai kama da ƙadangare) tunda ba su wuce tsawon yatsa ba. Shawarata ka saka ɗaya. In ka matsa, biyu. Uku kam a'a.

Ƙanƙantarsu ce ke ruɗar mutane. Babban aksolotil yakan kai santimita 23 zuwa 30, kuma yana iya yin shekara 10 zuwa 15 a raye, saboda haka da girman da zai yi ake lissafi. Masu kiwo sun saba ba wa babba guda aƙalla lita 75, sai a ƙara kusan lita 40 a kan kowane ƙari. Ka ga biyu ma da ƙyar suka shiga naka. Ni kuwa faɗin ƙasan tanki na fi dubawa, domin wannan dabba a ƙasa take wuni, tana takawa a hankali, ba ta damu da zurfi ba. Tanki mai tsawo da faɗi ya fi mai zurfi amfani ko da ruwansu ɗaya ne, kuma kowane ɗaya yana buƙatar maɓoyarsa, tunda ba su da fatar ido, haske yana damunsu.

Inda cunkoso ya fi yin ɓarna shi ne ruwa. Aksolotil yana kashi da yawa, kashin ya zama ammoniya, ita kuwa guba ce ga dabbar da fatarta ke shan duk abin da ke cikin ruwa. Bakteriyar da ke zaune a cikin filta, wato matatar ruwan tanki, ce ke rage wannan guba, kuma sai ta yi mako huɗu zuwa shida kafin ta kafu a sabon tanki. Na sha ganin wanda ya cika tanki yau ya zuba dabbobi gobe, kafin wata guda gashin nan na gefen kai da suke numfashi da shi ya ƙanƙance, sun daina cin tana. Abin tausayi ne ƙwarai. Ƙara ƙarfin filta ma ba mafita ba ne, don ruwa mai gudu yana wahalar da su.

Sannan ƙanana suna cin junansu. Duk abin da ya motsa a gabansu cafka suke yi, ƙafar ɗan'uwa ce ko tana. Gaskiya ne ƙafar tana sake tsirowa, amma raunin kan kama cuta. In za ka haɗa biyu, bari su girma, su zama kai ɗaya, kuma jinsi ɗaya. Mace da namiji a tanki guda, ƙwai ɗaruruwa za ka tarar, ga macen ta galabaita. Kada ka sa musu kifi, kada kuma ka shimfiɗa tsakuwa, haɗiyewa suke yi ta toshe musu ciki. Yashi mai laushi ko ƙasan gilashi haka nan ya isa.

Ba ka faɗi garin da kake ba, amma in ƙasar zafi ce irin tamu, ka fara da batun sanyin ruwa. Asalinsu tafkin Xochimilco ne a birnin Meziko, kan tudu mai sanyi, inda yanzu sun kusa ƙarewa. Ruwan digiri 16 zuwa 18 suke so, in ya haura 24 rayuwarsu na cikin haɗari. A watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, fanka ba za ta iya ba, sai na'urar sanyaya ruwa da wutar da ba ta yankewa. In ba ka tanadi wannan ba tukuna, don Allah ka dakata da sayen ko da guda ɗaya.