Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Shin Waya Za Ta Iya Gane Shuka Tana Jin Ƙishirwa?

Tambayoyin wannan makon sun zo ne daga masu binciken tsirrai da manoman rani a Sakkwato da kewaye, kuma duk sun shafi yadda za a yi amfani da waya ko kwamfuta a gane halin da shuka take ciki idan ruwa ya yi mata ƙaranci.

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne mai digiri na biyu, ina bincike kan yadda wake yake jure ƙarancin ruwa da rawar da sinadarin ABA (wato abscisic acid, wanda shuka take samarwa a jikinta) yake takawa a ciki. Kuɗin aika samfur zuwa ɗakin gwaji ya fi ƙarfina, kuma an ce mini akwai manhajar da take auna sinadarin daga hoton ganye. Gaskiya ne?

Amsa: Ba gaskiya ba ne, Malam, kuma kada ka biya kowa kuɗi a kan irin wannan manhaja. ABA yana cikin ganye ne da ƙanƙantar da ake lissafa ta da nanogiram a kowane giram, ba shi kuma da wani launi da kyamarar waya za ta kama. Auna shi sai an tsinke ganyen an daskarar da shi nan take, an niƙa, an tace, sannan a bi ta gwajin ELISA ko a saka shi a injin LC-MS, hanyoyi biyu na auna sinadarai a ɗakin gwaji. Ko waɗanda suka fara ware shi a 1963, wato Frederick Addicott da abokan aikinsa a Kalifoniya, daga 'ya'yan auduga masu yawa suka tatso ɗan abin da suka samu.

Sai dai abin da sinadarin yake haddasawa ana iya ganinsa, kuma nan ne wayarka za ta yi maka rana. Tun a 1969 masu bincike biyu a Ingila, Wright da Hiron, suka nuna cewa ABA yana ninkuwa sosai a ganyen alkama da ya fara yaushi. Babban aikinsa a wannan hali shi ne ya sa ƙananan ƙofofin da ke jikin ganye su rufe, don shuka ta rage asarar ruwa. Ganye yana samun sanyi ne daga ruwan da yake fita ta waɗannan ƙofofi, kamar yadda ruwan randa yake yin sanyi saboda abin da yake tsatsafowa ta jikinta, don haka da zarar sun rufe sai zafin ganyen ya hau, tun kafin ido ya ga alamar yaushi. A kan wannan ne masu bincike Idso da Jackson da abokan aikinsu a Arizona ta Amurka suka gina ma'aunin ƙishirwar amfanin gona a 1981.

Akwai ƙananan kyamarorin auna zafi da ake soka wa waya ta wajen caji, irin su FLIR One da Seek Thermal. Kafin ka saya, ka tabbatar bakinta ya dace da na wayarka, kuma wayar tana karɓar na'urar waje, abin da ake rubutawa OTG a bayanan waya. Matsalar da ya kamata ka sani ita ce kuskuren irin waɗannan kyamarori yakan kai digiri 3, alhali bambancin da kake nema tsakanin ganye mai ƙishirwa da wanda ya ƙoshi sau da yawa bai wuce haka da yawa ba. Saboda haka kada ka dogara da lambar da ta nuna ita kaɗai. Ka riƙa haɗa abubuwan da kake kwatantawa cikin hoto guda. Ka ajiye tukunyar da ake ba ruwa kusa da wadda aka hana, ka fesa wa ganye ɗaya ruwa gaba da baya don ya zama iyakar sanyi, ka shafe wani da man Vaseline gaba da baya don ya zama iyakar zafi, sannan ka duba inda sauran ganyayen suka faɗa tsakanin waɗannan biyu.

Lokacin ɗaukar hoton shi ne daga tsakar rana zuwa bayan azahar kaɗan, sa'ad da sama take garau kuma iska ba ta kaɗawa da ƙarfi. A Sakkwato wannan lokaci yana da wahala, domin a watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, waya kuma takan rage haskenta ko ta kashe kyamara da kanta idan ta ɗau zafi, don haka ka ajiye ta a inuwa tsakanin awo da awo. Ka kuma matso kusa har ganye ya cika hoton, saboda rairayin da ke ƙarƙashin shukar ya fi ganyen zafi nesa ba kusa ba, kuma idan ya shiga gefen awon zai ɗaga maka lambar.

A wajen rubuta sakamako, abin da ka auna shi ne zafin ganye, kuma shi za ka rubuta. Ba ABA kaɗai yake rufe ƙofofin ganye ba; busasshiyar iskar hunturu ma tana sa su tsuke ko da ƙasa tana da danshi. Shawarata ita ce ka bar hotunan su nuna maka ranakun da bambanci ya fi fitowa, sai ka kashe ɗan kuɗin da kake da shi wajen aika samfurin waɗannan ranakun kaɗai.

Tambaya: Ina koyar da ilimin tsirrai, ina kuma so ɗalibaina su auna faɗin ganyen gero da na wake, amma kwamfutata tsohuwa ce. Wace manhaja za ta ɗauka?

Amsa: Malama, ImageJ za ta wadatar da ke. Wayne Rasband ne ya rubuta ta a cibiyoyin binciken lafiya na Amurka, ta fito a 1997, kyauta ce, kuma ba ta da nauyin da zai gagari tsohuwar kwamfuta. A shimfiɗa ganyen a kan farar takarda, a ajiye rula a gefensa, a danne shi da gilashi mai tsabta domin ganyen da ya sha ƙishirwa yakan nannaɗe, sannan a ɗauki hoton daga sama daidai, a inuwa, ba tare da fitilar waya ba. A cikin manhajar sai ki ja layi a kan rular ki gaya mata tsawonsa a santimita, ki ware launin ganyen daga na takardar, ta ba ki faɗin. Ganyen gero dogo ne, gara a yanka shi gida uku ko huɗu a jera a takarda ɗaya a haɗa jimilla.

Idan ɗaliban za su turo miki hotunan ta WhatsApp, su turo su a matsayin fayil, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta rage ingancinsa, gefen ganye ya dusashe.

Tambaya: Ina noman albasa a fadamar Kwalkwalawa. Ɗana ya ga wata na'ura mai arha a intanet da ake binnewa a ƙasa ta aiko da saƙo idan ƙasa ta bushe. Za ta rage mini kuɗin man injin ban ruwa?

Amsa: Tana iya ragewa, Alhaji, amma ba daga ranar da aka binne ta ba. Masu arhar iri biyu ne. Akwai mai ƙarfe biyu a fili kamar cokali mai yatsu, wadda tsatsa take cinyewa cikin ɗan lokaci a jiƙaƙƙiyar ƙasa, ban ba da shawarar a saye ta ba. Akwai kuma mai kama da ƙaramar wuƙa da aka lulluɓe jikinta, wadda ta fi daɗewa muddin an toshe samanta da gefenta da gam don kada ruwa ya shiga wajen wayoyin.

Lambar da kowacce take bayarwa ba ta da ma'ana sai an gwada ta da ƙasar gonarka, domin lakar fadama da jigawa ba sa riƙe ruwa iri ɗaya. Masu bincike sukan auna nauyin ƙasa, su busar da ita a digiri 105 na tsawon awa 24, su sake aunawa. Kai ba sai ka yi haka ba. Ka binne ta a zurfin santimita 10 zuwa 15, tunda saiwar albasa ba ta nisa, ka rubuta lambar da ta nuna kwana ɗaya bayan ka shayar da fangali sosai, ka kuma rubuta wadda ta nuna ranar da hannunka da idonka suka ce lokacin ban ruwa ya yi. Bayan zagaye kaɗan za ka san lambobin gonarka. Maganar aiko saƙo kuwa, yawancin ƙananan allunan da ake haɗa ta da su, kamar ESP32, da Wi-Fi suke aiki, don haka a gona sai an ƙara musu abin saka layin waya da ƙaramin faifan sola, a kuma rufe batirin a inuwa. Ban ga hikimar barin na'urar ta kunna inji da kanta ba a shekarar farko.

Tambaya: Na shigar da alƙaluman gwajina a Excel, sai na ga lambobin tukwanena irin 3-1 da 3-2 sun koma kwanan wata. Me ya faru?

Amsa: Excel takan ɗauki lamba biyu da karan ɗori a tsakaninsu a matsayin rana da wata, kuma idan ta riga ta canza su, mayar da layin zuwa rubutu ba zai dawo da abin da kika sa ba, wata doguwar lamba zai nuna miki. Sai ki koma littafin da kika rubuta da hannu ki sake shigar da su, amma wannan karon ki sa harafi a gaba, kamar T3R1, wanda manhajar lissafin alƙaluma mai suna R ma za ta karanta ba tare da matsala ba idan kin zo yin lissafin kwatanta rukunan da aka ba ruwa da waɗanda aka hana. Kowace yamma ki ajiye kwafi a Google Drive, inda kowane asusu yake da gigabait 15 kyauta, ki sa kwanan ranar a sunan fayil ɗin don kada sabo ya goge tsoho.