Tambayi Likita: Kokon Yaye, Gudawa da Cin Farar Ƙasa

Assalamu alaikum. Saƙonnin wannan mako sun fito ne daga Zangon Kumasi da ƙauyukan Ejura.

Tambaya daga wata kaka a wani ƙauye kusa da Ejura: Likita, jikana watansa 8, yana shan koko safe da yamma, amma a wurin awo nas ta ce nauyinsa ya tsaya. Mu dai da kokon nan muka raini ubansa.

Amsa: Iya, Allah ya ƙara girma. Kokon ba shi da laifi, tsinkewarsa ce matsalar. Cikin yaro mai wata 8 kusan kofin shayi ɗaya yake ɗauka, in kika cika shi da ruwa-ruwa ya ƙoshi ke nan, amma jiki bai samu komai ba. Gobe da safe ki ɗebi kokon a cokali ki karkata shi. In ya zube kamar ruwa, bai yi ba. Ana so ya ɗan maƙale a cokalin.

Ku da kuke Ejura, maganin yana cikin rumbunku. Ki auna masara gwangwani 4, wake 1, gyaɗa 1, ki soya kowanne daban, a kai inji a niƙa tare. Shi ne garin da nas-nas ke kira Weanimix, 'yan kasuwa kuma su ce Tom Brown. Amma ki tsince gyaɗar da masarar da kyau, duk wadda ta yi fumfuna ki zubar, gubarta tana taɓa hanta. In kin dama, ki sa ƙaramin cokali na manja da garin busasshen kifi. Da rana a murje masa tuwo da miyar ayoyo ko kontomire, a sa ƙwai. Na san ana cewa yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo zai zama. Ni dai an ba ni ina yaro, kuma har yau ba a kai ƙarata ba. Ya ci sau 3 a rana, nono kuma ya ci gaba har shekara 2.

Tambaya daga wata uwa a Asawase: 'Yata tana gudawa kwana biyu, maƙwabta sun ce haƙori ne, zai wuce.

Amsa: 'Yar'uwa, haƙori ba ya kawo gudawa. Lokacinsa ne ya zo daidai da rarrafe, duk abin da hannu ya taɓa sai baki. Abin tsoro shi ne ƙarewar ruwan jiki. Ki sayi ORS, wato garin gishiri da sukari mai mayar da ruwan jiki, a kemis, ki haɗa da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar. In dare ne babu kemis, ruwan leda 2 lita ɗaya ke nan: ki sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali, ki riƙa ba ta kaɗan-kaɗan. Ki haɗa da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya. Kada ki hana ta nono ko abinci.

In idonta ya faɗa, maɗigarta ta loɓa, ta ƙi nono, ko kin ga jini a kashin, ki saɓe ta sai asibitin Manhyia ko Komfo Anokye, ba jiran wayewar gari. Sannan kashin yaro ma kashi ne. A zuba shi a masai, a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa kwanon abinci.

Tambaya daga wata mai ciki a Aboabo: Cikina wata 5, ina fama da jiri, kuma ba na iya wuni ban ci ayilo, wato farar ƙasa, ba.

Amsa: Ƙanwata, kwaɗayin farar ƙasa da jiri sau da yawa alamar ƙarancin jini ce, ƙasar kuma tana ƙara hana jiki amfana da sinadarin ƙarfe. Ki je awo a gwada jininki. Tun 2008 mai ciki tana shiga inshorar lafiya ta NHIS kyauta, don haka kuɗin kati ba hujja ba ne. Za a ba ki ƙwayar ƙarin jini, tana mai da bayan gida baƙi, kada ki tsorata ki daina. Kada ki kora ta da shayi, ruwan lemun zaƙi ya fi. Daga mako na 16 ana ba da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ki tambaya. Gidan sauron da za a ba ki kuwa a gado ake ɗaura shi, na gaji da ganinsa a shingen lambun tumatir.

Tambaya daga wani magidanci a Sawaba: Mahaifiyata ta ce a sa wa cibiyar jariri man goge baki don ta faɗi kafin suna.

Amsa: Malam, ka lallashi Hajiya. Man goge baki, toka da gishiri duk suna iya kai cuta cikin jinin jariri. Maganin chlorhexidine da ungozoma ta bayar kaɗai za a shafa, da hannu wankakke. Cibiya takan faɗi da kanta cikin mako ɗaya zuwa biyu, ko ba ta faɗi ba za a yanka rago. In gefenta ya yi ja, tana wari ko ruwa, ku kawo shi a ranar.