Tangaran ɗin kakarku: zanen hannu ne ko bugu?

'Yata, saƙonki ya iso. Kin ce cikin faɗi-ka-mutun jeren kakarku da aka raba muku akwai faranti shida masu shuɗin fure da rubutun Sinanci a gindi, wani kuma ya ce miki sunan sarki ne, don haka sun haura shekara 200. Kina son sanin ko al'adar mutanen Sin ce sa sunan sarki a kwano, da yadda ake bambance zanen hannu da bugu.

Al'adarsu ce kam. Tun daular Ming, masu tangaran na garin Jingdezhen a lardin Jiangxi suke rubuta haruffa shida a gindin kwano, ana karantawa daga sama zuwa ƙasa, a faro ta dama. Biyun farko sunan daula, na tsakiya sunan zamanin sarki, na ƙarshe suna cewa a lokacinsa aka yi. Amma kuma al'adarsu ce su sa sunan sarkin da ya daɗe da rasuwa, don girmama aikin zamaninsa. Kwanuka da yawa na zamanin Kangxi, 1662 zuwa 1722, sunan Chenghua ke jikinsu, shi kuwa 1465 zuwa 1487 ya yi mulki. Sunan Qianlong ma har gobe masana'antu na buga shi. To ki jingine maganar suna tukuna, ki dubi aikin.

Ki wanke biyu da ruwan ɗumi da tsumma mai laushi, kada ki kusanto da soson ƙarfe. Ki fito da su hasken rana, ki jera su kusa da juna, ki zaɓi fure ɗaya ki ƙirga ganyensa a kowanne. Hannu ba ya maimaita kansa: wannan ganye zai ɗan fi wancan tsawo, wani reshe ya karkace. In kuwa komai ya zo daidai, har ɗan tabon da ke nan yana can, bugu ne.

Sai ki samo gilashin masu gyaran agogo, mai ƙara girma sau 10. Layin burushi yana farawa da kauri ya ƙare siriri, inda mai zane ya ɗaga hannu kuma shuɗin kan taru ya yi duhu. Sukan ja layin gefe, sannan su cike ciki da launi mai ruwa-ruwa, za ki ga wani wuri ya tsallake layi, wani bai kai ba. Bugu kuwa kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, inuwarsa ɗigo-ɗigo ce kamar hoton jarida. Ki bi adon bakin farantin ki zagaya a hankali. A bugu, takarda mai ɗauke da zanen ake mannawa a kan abu mai lanƙwasa, dole akwai mahaɗa inda zanen ya hau kan ɗan'uwansa ko ya katse, wani lokaci har da farin layi inda takardar ta naɗe.

Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne aikin gauraye: a buga layin gefe, a cike launi da hannu. Farcenki zai ji tudun launin ki ɗauka duka hannu ne. Layin za ki duba, ba cikon ba.

Haka rubutun gindin. Na hatimi, musamman ja mai kusurwa huɗu, tawadarsa kan matse zuwa gefen harafi ta bar tsakiya fari-fari, wani ɓangaren ma bai kama ba. Na hannu za ki ga inda wani layin burushi ya hau kan wani, da'ira biyun da ke kewaye da shi kuma akwai wurin da bakin layi ya haɗu ya ɗan yi duhu.

In kin ga CHINA da haruffan boko, galibi bayan 1891 ne, lokacin da Amurka ta wajabta rubuta ƙasar da kaya suka fito. "Made in China" kuwa na ƙarni na 20 ne. Ki ɗauko min hoton gindin da na bakin farantin, kusa-kusa, ba tare da filasha ba. Kafin nan kada ki jibge su kan juna sai da ƙyalle a tsakani, don gindin na sama shi ke cinye zanen na ƙasa.